Gwaggon Maganaɗisu

A layin teloli da ke bayan babbar tashar mota akwai wani shago mai ƙofar gilashi, inda ake buga suna da lamba a bayan rigunan ƙwallo. Idan ka shiga, can ƙurya kusa da taga, za ka tarar da wata mata doguwa mai faɗin kafaɗa a tsaye gaban injin manna lamba, wanda yake kamar ƙaton dutsen guga mai murfi. Shekarunta arba'in da bakwai. Ƙaramin yatsanta na hagu ya karkace waje, kuma idan za ta hau matakala sai ta fara dafa gwiwar dama. Tsofaffin layin suna ce mata Gola. Yaran yanzu ba su san dalili ba, wasu ma sun ɗauka sunanta ke nan na yanka.

Ita ce mace ta farko da ta tsare ragar ƙasarta.

Ba da niyya ta fara ba. Su biyar ne a gidansu, ita kaɗai ce mace kuma ita ce ƙarama. Idan yayyenta za su buga ƙwallo a fegin bayan gida sai a rasa mai tsaron raga, don kowa so yake ya ci. Sai su ajiye duwatsu biyu su ce, "Ke, tsaya nan." Tana da shekara goma sha biyu samarin unguwa suka fara rigima a kan ɓangaren da za ta tsaya wa. Da ta fara zama budurwa, babban wansu, ma'aikacin gidan waya wanda kowa a gidan ke kira Yaya, ya ce ya isa haka, abokan aikinsa na yi masa dariya. Ya ɗauki takalmin ƙwallonta ya wulla kan rufin kwano. Ta jira ya fita da rana tsaka, ta aro tsani a maƙwabta ta hau, kwanon ya ƙona mata tafin hannu da gwiwoyi, ta sauko da takalminta.

Tana da shekara goma sha tara aka yi sanarwa a rediyo cewa ana neman 'yan mata masu buga ƙwallo, za a kafa ƙungiyar ƙasa. Mahaifiyarsu ta rufa mata asiri, ta ce wa Yaya ta aike ta wurin 'yar'uwarta. Su talatin da ɗaya suka je, aka ɗauki ashirin. Tsofaffin rigunan maza aka raba musu. Tata har gwiwa ta kai mata, kuma da sunan wani ƙato a baya, an kankare amma ana iya karantawa. Safar hannunta irin ta masu aikin gini ce. Ba a barinsu su taka babban fili, wai za su ɓata ciyawa kafin wasan maza, sai ƙaramin filin atisaye da ke baya, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. 'Yan kallonsu masu shara ne, da waɗanda suka shigo neman inuwa, da wani tsoho mai kurma-kurma da ke tafi ko wa aka ci.

Shekara tara ta yi a haka. Akwai wasan da har gobe take iya ba da labarinsa minti-minti. Kwana biyu suka yi a mota zuwa wata ƙasa, suka ci ɗaya da wuri, sauran lokacin duka a ragarta aka yi shi. Ta kaɗe bugun fenariti biyu. A na biyun ne yatsan ya karye, ta ɗaure shi da na kusa da shi da filasta, ta ƙarasa wasan. Babu mai kyamara ko ɗaya a filin. Da suka dawo, jarida ta ba su layi uku a ƙasan shafin ƙarshe, kuma sunan wata aka sa a matsayin mai tsaron raga.

Gwiwa ce ta sallame ta. Ta yi aure da wani direban motar makaranta, mutum mai sanyin hali da ba ya ɗaga murya ko a kan titi. Suka haifi maza biyu, babu wanda ya damu da ƙwallo a cikinsu. Ɗaya kiwon tantabaru ya sa a gaba, ɗaya gyaran waya. Mai Shago ya ɗauke ta aiki saboda ta san riga, ta san inda lamba ke zama daidai a bayan mutum ba tare da ta auna ba.

Autar Yaya tana da shekara tara aka kawo ta hutu gidan Gola. Wata rana da hantsi Gola ta jefa wa ɗanta lemo daga bakin kicin, jifar ta kauce, yarinyar da ke zaune a ƙasa tana kitsa 'yar tsana ta miƙa hannu ɗaya ta cafke, ko kallo ba ta yi ba. Gola ta tsaya da wuƙa a hannu.

"Sake ba ni lemon nan," ta ce.

Ta jefa sama, ta jefa gefe, ta jefa ƙasa-ƙasa. Kafin la'asar sun koma lungun da ke tsakanin katanga da tankin ruwa, da tsohuwar katifa a shimfiɗe. A lungun nan aka yi shekara goma. Ta koya mata tsayuwa, ta koya mata faɗuwa ba tare da ta buge kafaɗa ba, ta koya mata kallon ƙugun mai bugu maimakon idonsa, ta koya mata yadda ake yi wa 'yan baya tsawa su ji. Da Yaya ya gane abin da ake yi, ya zo har gida da kekensa, bai ko zauna ba.

"Kada ki mai da min 'ya irinki," ya ce.

Matar Yaya ce ta ci gaba da turo yarinyar duk Asabar, da sunan ta je ta taya gwaggonta wanki.

Lokacin da aka kira yarinyar ƙungiyar ƙasa, Gola ta yi kukan daɗi, ta ɗinka mata jakar safar hannu da kanta. A shekarar farko babu abin da ya canza sosai. A ta biyu ne suka doke wata ƙasa da ba a taɓa dokewa ba, wani gidan talabijin ya nuna wasan saboda ba shi da abin nunawa, mutane suka kalla saboda an ɗage wasan Turai ranar. Mai sharhi ya ga yarinyar ta manne wa ƙwallo sau takwas, ya ce wannan ai maganaɗisu ce. Kafin mako ya zagayo sunan ya bi ta.

Daga nan abin ya tashi kamar an hura wuta. Gidajen kallo suka fara rubuta wasan mata a saman allo, na maza a ƙasa. Direbobin haya suka manna hotunansu a gilashin baya. A shataletalen shiga gari aka kafa allo mai tsayin bene biyu, Maganaɗisu a kai tana murmushi da ƙwallo a hammata. 'Yan mata suka cika filayen makarantun firamare da yamma, kowace so take ta tsaya a raga. Babban filin nan da aka hana su Gola takawa, yanzu tun sha biyun rana ake layi a ƙofarsa.

Mai Shago ya sayo inji na biyu. Cikin kowace riga goma da aka kawo, bakwai sunan Maganaɗisu ake so. Sunan dogo ne, sai an lanƙwasa shi kafin ya shiga bayan riga, kuma a kwalin haruffan da ake kawowa babu harafin ɗ mai ƙugiya, don haka Gola ce ke yanka ƙugiyar da almakashi, ɗaya bayan ɗaya. Ta jera haruffa, ta rufe murfi, ta jira, ta buɗe, ta ɓare takarda. Sau ɗari a wuni, wani lokaci fiye. Tun tana yi da murmushi har ta wayi gari haƙoranta a cije.

Abin da ya fara sosa mata rai ƙarami ne. Wata mata ta shigo da 'ya'yanta uku, Mai Shago ya nuna ƙurya da alfahari ya ce, "Kun ga waccan? Gwaggon Maganaɗisu ke nan." Yaran suka ruga suna taɓa hannunta. Babbar ta tambaya, "Gwaggo, ke ma kin iya ƙwallo?"

"Kaɗan-kaɗan," in ji Gola, ta rufe murfin injin da ƙarfin da ya wuce bukata.

Daga ranar sunan ya zauna. Mai kayan miya, mai gadin tasha, har yaran layinsu, kowa Gwaggon Maganaɗisu. Sai tsofaffi biyu ko uku da mijinta suka rage masu ce mata Gola.

Ta fara lura da abubuwa. Ta ji an ce 'yan wasan a jirgi suke tafiya, ta tuna kwana biyun nan a mota da ƙafa a kumbure. Ta ga safar hannun yarinyar, kala huɗu, kowace da sunanta a wuyan hannu. Ta ji suna da likitan gwiwa nasu na kansu. Wannan ne ya fi tsaya mata a rai. Ranar ta dawo gida ta zauna bakin gado tana murza gwiwarta, ta ƙi cin abinci.

"Da a zamaninmu akwai ko rabin wannan," ta ce wa mijinta.

"Da yanzu ke ce a shataletale," in ji shi. "Da kuma ban same ki ba. Kin ga ni abin bai yi mini ciwo ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta daina zuwa gidan Yaya kallon wasa, ta ce hayaniya na sa mata ciwon kai. A ɗakinta take kallo, ƙofa a rufe, murya a ƙasa. Idan an yabi yarinyar a shago sai ta taɓe baki ta ce ƙwallon ai ba ta da ƙarfi, ko ta ce 'yan baya ne suka yi aikin. Mai Shago ya ɗauka kawaici ne irin na uwa, har yana yaba mata.

Sai ga Yaya a talabijin. Ya yi ritaya, ya yi tumbi, yana sanye da rigar da Gola ta buga masa da hannunta. Aka tambaye shi ina 'yarsa ta samo wannan baiwa. Ya gyara zama ya ce, "Mu gidanmu ƙwallo a jini take. Tun tana ƙarama na ga alama, na ce ba zan tsaya mata a hanya ba." Aka juya ga yarinyar, ta gode wa iyayenta, ta gode wa kocin masu tsaron raga da aka ɗauko daga ƙasar waje, ta buɗe baki za ta ci gaba, aka tafi talla. Ko ta ambaci gwaggonta a bayan tallar, ba a nuna ba. Gola ta kashe talabijin, ta ɗauko tsintsiya ta share tsakar gidan da ta riga ta share.

A cikin wannan hali ne ta ga abin. Yarinyar ta ɗan yi targaɗe a idon sawun hagu a farkon shekara, ta warke, ta dawo. Amma tun daga nan, duk lokacin da za ta faɗa hagu ƙasa-ƙasa, sai ta fara jan ƙafar hagun baya, taku ɗaya ƙarami, kamar mai gudun taka ruwa. Ƙiftawar ido ne kawai. Saurinta na rufe abin, kocin bai gani ba, masu sharhi ba su gani ba. Gola ta gani a wasa ɗaya, ta tabbatar a na biyu. Ta ɗauki waya, ta nemo lambar yarinyar, ta zuba mata ido. Sai ta ajiye.

Ai tana da koci daga waje, ta ce a ranta. Shi ake gode wa, shi ya gani.

Wata bakwai tana riƙe da wannan magana. Ana saura mako biyu a fara gasar kofin nahiya, yarinyar ta zo shago da kanta, da hula da baƙin tabarau don kada a gane ta. Duk da haka layin ya cika, sai da Mai Shago ya ja ƙofa. Ta durƙusa ta gaida gwaggonta, ta zauna kan buhun riguna kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Gwaggo, kin guje ni."

"Aiki ne ya yi yawa. Sunanki ne ma ya hana mu sakat."

Yarinyar ta yi dariya, sannan ta yi ƙasa da murya. "Jikina na ba ni kamar akwai abin da ba daidai ba. Koci ya ce lafiya lau nake. Ke kina ganin wani abu?"

Gola na tsaye, almakashi a hannu, maganar a bakin harshenta. Ta taga tana hango mutane sun manna fuska a gilashi suna ɗaga wayoyi, kuma babu wayar da ke kallon inda take.

"Me zan gani?" ta ce. "Mu namu ilimin na dā ne."

Ƙasar ta kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da ko mazan ba su taɓa yi ba. Ranar wasan kasuwa ta tashi tun azahar. Mai Shago ya ɗora talabijin a kan teburin yanka, teloli da masu faci da 'yan dako suka cika shagon har bakin titi, Gola ta rasa hanyar fita. Aka tafi hutu babu ci. Ana saura minti goma sha biyu a tashi, 'yar gaban abokan karawa ta samu ƙwallo daga nesa, wurin da ba a cika bugawa ba, ta ɗaga kai, ta shimfiɗa ta ƙasa-ƙasa hagun raga. Gola ta ga ƙafar ta ja baya. Yatsun yarinyar suka shafi ƙwallon, ta wuce.

Shagon ya yi tsit. A cikin wannan shirun Gola ta ji wani abu ya sake a ƙirjinta, wani sanyi mai daɗi, kamar an zare mata ƙaya. Bai fi numfashi ɗaya ba. Bayansa ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba a rayuwarta, ta dafa injin da ke da sauran zafi, ba ta ma ji ba. Minti biyar bayan haka aka sake bugawa wuri guda, ta sake shiga. Abokan karawar sun gani ke nan. Sun zauna sun kalli hotunan wasanninta, sun ga abin da gwaggonta ta gani.

Garin da ya ɗauki yarinyar a ka, shi ya sauke ta. A rediyo aka ce talla ta ɗauke mata hankali. A waya aka yi ta yaɗa hoton faɗuwarta, ana cewa maganaɗisun ya mutu. Wani ya watsa wa allon shataletale baƙin mai. Wani matashi ya dawo da riga shago ya ce a ɓare masa sunan, Gola ta karɓa ta kalle shi har ya sunkuyar da kai, ya karɓi abarsa ya fita. Yaya ya daina fitowa majalisa. Gola kuwa ta rame cikin mako biyu.

Mijinta ya same ta wata safiya a lungun tanki, tana tsaye ba ta yin komai.

"Gola, wannan ba baƙin cikin wasa ba ne," ya ce. "Na san na wasa."

Ta faɗa masa duka, har da numfashi ɗayan nan. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

"Ni ba zan iya yafe miki ba, tunda ba ni kika yi wa ba," ya ce. "Ina wucewa ta layin Yaya idan na sauke yara. In kin shirya, mu je."

Ta tarar da yarinyar a ɗakin mahaifiyarta, labule a sake, waya a kashe a kan tabarma. Matar Yaya ta kawo ruwa ta ba su wuri. Gola ba ta yi kwana-kwana ba.

"Ƙafarki ta hagu kike ja baya kafin ki faɗi. Tun bayan targaɗen."

Yarinyar ta tashi zaune. "A wasan kika gani?"

"Tun wata bakwai kafin wasan."

"Amma na zo na tambaye ki."

"Kin tambaye ni."

"To me ya sa, Gwaggo?"

"Ƙyashi," in ji Gola. "Ba ki yi mini komai ba. Kin samu abin da na so, a lokacin da ni ba ni da gwiwar karɓa. Na ga kowa na kiran sunanki, na ga babanki na cewa shi ne. Na riƙe abu ɗaya da nake da shi wanda ba ku da shi."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta kalli gwaggonta kamar yau ta fara ganinta.

"A hirar nan minti uku na yi ina maganarki," ta ce. "Na ba su labarin katifa, na ba su na yatsanki. Suka yanke. Na yi ta kiranki in faɗa miki, ba ki ɗauka ba."

Gola ta tuna kiran. Sau huɗu, tana kallon wayar na haske a kan tebur.

"Ki tafi yanzu, Gwaggo, don Allah. Ba na son in faɗi abin da zai dame ni."

A tsakar gida ta yi kiciɓis da Yaya yana alwala. Ashe ya ji komai ta taga. Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Yaya, yau kada ka ce komai. Idan ka fara, ni ma ina da tawa, kuma tawa ta shekara talatin ce."

Ya rufe bakinsa, ya ci gaba da wanke ƙafa.

Wata guda babu labari. Sai wata Asabar da sassafe aka ƙwanƙwasa ƙofa, ga yarinyar da jakar safar hannu a kafaɗa. Ta gaishe da mijin gwaggonta da fara'a, ta gaida gwaggon a taƙaice.

"Ban huce ba," ta ce. "Amma koci ya kalli hoton sau ashirin, ya ga abin, bai san yadda zai cire shi ba."

Lungun ya yi mata kaɗan yanzu, sai suka tafi filin makarantar da mijin ke aiki. Gola ta ajiye bulo a bayan diddigen yarinyar na hagu. Duk lokacin da ta ja ƙafa, sai ta buge. Ta buge har diddigen ya yi ja. Mako shida suna haka, magana ba ta wuce "sake" da "ya yi" ba. A mako na bakwai Gola ta janye bulon ba tare da ta faɗa ba, ta buga goma a jere hagu ƙasa-ƙasa, yarinyar ta kama tara. Ta goman ma gwiwar Gola ce ta gurɗe, ƙwallon ta tafi wani wuri daban, ita kuma ta zauna daɓas a ƙasa. Yarinyar ta yi dariyar da ta kasa tsayarwa, ta zo ta ɗaga ta.

Sai dai raga ba ta jira ta ba. Bayan gasar an sa ta a benci don ta huta, aka gwada wata 'yar shekara goma sha bakwai, siririya, mai tsalle kamar ba ta da nauyi. Ta yi wasa huɗu ba a ci ta ba. Masu sharhi suka sa mata Kyanwa. Farin jinin ƙungiyar bai ragu da faɗuwar nan ba, ƙaruwa ma ya yi. Yanzu har garuruwan nesa ake cika motoci a zo kallo. An wanke allon shataletale, an sa sabon hoto. A shago Kyanwa ake bugawa, harafi shida, babu ƙugiya, Mai Shago har yana cewa Allah ya kawo wa Gola sauƙi.

Maganaɗisu ta koma atisaye, ta fi dā kyau, kowa ya shaida. Amma koci ya ce ba ya canza mai tsaron ragar da ba a ci ba. Wasa biyar tana zaune a benci da riga mai ruwan lemo a kan jesinta, tana tafi idan kyamara ta juyo.

Wata Lahadi da yamma ta zo gidan gwaggonta, ta zube a kujera, ta tura takalmi gefe. Gola na tsince shinkafa a faranti.

"Jiya a ƙofar fili wata yarinya ta miƙo mini waya," in ji ta. "Na gyara tsayuwa. Ashe so take in ɗauke su hoto da Kyanwa."

"Kin ɗauka?"

"Na ɗauka. Na yanke mata rabin kai."

Gola ta ajiye farantin. Ta so ta yi mata faɗa, ta ga ba ta da bakin yi.

"Yarinyar kirki ce, Gwaggo, abin haushin ke nan. Anti take ce mini. Ita ke ɗaukar mini jaka."

"Kin duba ta da kyau? Ƙafa, hannu, fitowa a bugun kusurwa?"

"Na duba. Kullum a bayan raga nake tsayawa ina dubawa."

"In kin ga wani abu, ki faɗa mata a ranar. Kada ki kwana da shi."

Maganaɗisu ta jingina kai da bango, ta kalli silin.

"Babu komai," ta ce. "Wallahi na nema, babu."

"Ƙarya ne, babu golan da ba shi da shi. Kawo wayar."

Suka matsa kusa da taga inda haske ya fi, kai da kai, suka kunna wasan makon jiya. Suka kalla, suka mayar baya, suka sake kalla. Mijin ya dawo daga wankin mota ya tarar da shinkafa a faranti ba a ɗora ba, ya tsaya a bayansu ya leƙa.

"Wannan yarinya ta iya," ya ce.

Su biyun suka juyo suka harare shi lokaci guda. Ya ɗauki farantin ya wuce kicin.